Ranar da Galadima Ya Yi Dariya

A zamanin da, tun kakannin kakanninmu ba su san hanyar kasuwa ba, an yi wani sarki ana kiransa Ranau. Birninsa yana bakin wani babban kogi, kuma mashigi ɗaya tak kogin yake da shi wanda raƙumi zai ƙetare kayansa ba su jiƙe ba. Duk ayarin gishiri da na kanwa ta nan yake bi. A hayin kogin akwai wata ƙasa wadda mutanen birnin ba sa ko son kiran sunanta, sai dai su ce Ƙetare. Sau biyu Sarkin Ƙetare yana kawo yaƙi don ya ƙwace mashigin nan, sau biyu ana kora shi da kashin tsiya. Daga nan ya yi shiru, mutanen birni suka ce ai ya haƙura. Ina fa ya haƙura! Hanya kawai ya sake.

Da Sarki Ranau ya tsufa, sai wani abu ya hana shi sukuni. Shekara uku cur, duk abin da aka yanke a majalisa sai ya riga manzo isa Ƙetare. Aka ce a asirce za a rushe wani ɓangare na ganuwa a sake gina shi, ranar da aka rushe sai ga mahara ta daidai wurin. Aka aika jakada wurin wani sarki don ƙulla amana, aka tare shi a hanyar da mutum shida kaɗai suka san zai bi. A kasuwa kuwa maroƙa suka tashi da wata waƙar zambo a kan Yarima, babban ɗan Sarki, wanda ya rantse muddin yana numfashi ba a ba Ƙetare ko taki ɗaya na mashigi. Aka rasa wanda ya sa su. 'Yan majalisa biyu masu goyon bayan Yarima, ɗaya bayan ɗaya, aka same su da laifi aka tuɓe musu rawani.

Ran nan Sarki ya fusata, ya sa aka yi shela: duk wanda aka kama yana kai maganar fada hayin kogi, Hauni zai sare kansa a bakin kasuwa, ko da daga tsatson Sarki ya fito.

Ba a yi wata guda ba, mutanen Galadima suka tare wani jaki a mashigi, mai shi ya faɗa ruwa ya tsere. Aka farke akumarin jakin, sai ga wasiƙa zuwa ga Sarkin Ƙetare, tana faɗin ƙofar da masu gadinta suka fi sakaci. A ƙasanta kuwa hatimin Waziri Barmo ne, raɗau.

Kai jama'a! Waziri Barmo fa, wanda ya yi shekara talatin a gefen Sarki! Sarki ya dubi wasiƙa, ya dubi Waziri.

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hatimin kamar nawa ne, amma wallahi hannuna bai taɓa takardar nan ba."

Sarki ya ce, "Barmo, da bakina na yi shela, garin nan duk ya ji. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci." Ya juya fuska don kada a ga hawayensa. Dogarai suka wuce da Waziri gidan yari. Ranar Litinin ce.

To, bari in gaya muku ko wane ne Galadiman da mutanensa suka kama jaki. Tsohon Galadima ɗa ɗaya Allah ya ba shi, sunansa Nomau. Yana da shekara bakwai mahara daga Ƙetare suka sace shi a gona. Mahaifiyarsa, Iya Ladingo, ta yi kuka har idonta ya yi rauni. Da yake ɗan fari ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce "yaron nan", kuma ba ta da abin tunawa da shi sai wata 'yar laya da ke rataye a wuyanta. Bayan shekara ashirin da uku, sai ga wani mutum a ƙofar gari, ƙafa duk faso, ya ce shi ne Nomau, ya gudo daga bauta. Ya faɗi inda rijiyar gidansu take, ya faɗi sunan akuyar da yake kiwo. A fuskarsa kuma ga zanen gidan Galadima, uku-uku a kumatu da bille ɗaya.

Mutanen birnin nan kuwa, in dai sun ga zane, to magana ta ƙare. Aka kira Sarkin Aska Arzika, wanda shi ya tsaga wa jaririn zane ranar suna. Ya duba, ya shafa, ya ce, "Zanen gidan ne." Aka yi guɗa, aka yi yanka. Da tsohon Galadima ya rasu aka naɗa shi a madadinsa, ya shiga cikin masu zaɓen sarki. Shekara goma sha biyar ke nan. Mutum ne mai natsuwa, kullum amawali ya rufe masa baki, ba a taɓa jin dariyarsa ba, sai murmushi. Kowa ya ce wahalar bauta ce ta mai da shi haka.

Shi kuwa Arzika, tare aka yi musu kaciya da Waziri Barmo, a bukka ɗaya suka yi jinya. Ranar Talata ya ɗauki zabirarsa ya tafi gidan yari don ya yi wa abokinsa aski, yana shiga ya fashe da kuka.

Waziri ya ce, "Kai tsohon banza, share idonka, kada ka yanke ni tun Hauni bai zo ba."

"Barmo, gaya min tsakaninka da Allah."

"Ban yi ba, Arzika. Kwana nake ina lissafin mutane. Duk wanda ya faɗi a shekarun nan, mai ƙin ba da mashigi ne. Ni ne na ƙarshe. In na tafi, ranar da Sarki ya kau, ƙaramin ɗansa za a naɗa, wanda ko kaza ba ya iya ce wa kul. Mai wannan aiki yana cikin majalisa, amma na dubi fuskokinsu duka, kowa ɗan gari ne, kowa da zanen gidansu. Wa zan ce?"

Arzika ya fito, bai san inda zai sa kansa ba.

Ranar Laraba da hantsi ranar askin Galadima ce. Arzika ya same shi a zaure cikin walwala, ya kwance rawani, ya ajiye amawali. Arzika ya jiƙa masa kai ya aske, ya zo gyaran gemu, ya ɗaga masa haɓa sama ya ɗora aska a wuyansa.

Galadima ya ce, "Na ji jiya ka je wurin mutuminka. Yaya yake?"

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, yana nan yana ta lissafi, wai yana neman maci amana, ya ce ya dubi fuskar kowa a majalisa ya ga duk 'yan gari ne."

Abin da bai taɓa faruwa ba sai ya faru. Dariya ta ƙwace wa Galadima, ya wangale baki yana ƙyaƙyatawa, kai a ɗage, hasken hantsi yana shiga har maƙogwaronsa. Arzika yana tsaye a kansa, idonsa ya faɗa ciki. Me zai gani? Beli, cikakke, yana reto.

Innalillahi! Don ku gane, a birnin nan duk jaririn da aka haifa, ranar kwana uku wanzami yakan shiga cikin gida wurin mata ya cire masa beli, wato ɗan naman nan da ke lilo a can ƙarshen baki. Uwa ta sa a ɗinke shi cikin 'yar laya ta ajiye. Maza ba sa shiga wurin, ba sa ma tunawa da shi, don wane namiji ne ya taɓa leƙa maƙogwaron kansa? Mutanen Ƙetare kuwa ba sa yi sam. Kuma belin Nomau, Arzika da hannunsa ya cire shi, shekara arba'in da biyar da suka wuce, ya miƙa wa Ladingo.

Ga aska a hannunsa, ga jijiyar wuyan mutumin tana harbawa a ƙarƙashinta. Zuciya ta ce masa ja kawai. Amma in ya ja, sai a ce abokin maci amana ya kashe Galadima, ranar Juma'a Hauni ya sare kai biyu. Hannunsa ya ɗauki ɓari.

Galadima ya ce, "Lafiya, Sarkin Aska? Hannunka yana rawa."

"Tsufa ne, ranka ya daɗe."

Ya ƙarasa gyaran gemun nan, bai san yadda aka yi ya ƙarasa ba. Da ya fito sai ya zauna a gindin wani durumi, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Shi ne fa ya shafa zanen nan ya ce na gidan ne. Da bakinsa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Kuma in ya je ya gaya wa Sarki kai tsaye, kafin ya rufe baki maganar ta isa kunnen Galadima, wanda zai ce wanzami ya zauce, ko ya ƙetare kogi kafin la'asar.

Ranar Alhamis yana yi wa Sarki aski, sai ya ajiye aska ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara, ina da wata saiwa da na gada wurin kakana. In maci amana ya tauna ta, tushen harshensa yakan yi baƙi ƙirin. Ina roƙon gobe da safe a ba Waziri, a ba sauran 'yan majalisa, kai da kanka ka duba bakin kowa."

Sarki ya ce, "Arzika, tsufa ya fara taɓa ka? Shekara nawa kana min aski ban taɓa jin wannan saiwa ba?"

"Zaki, in ba ta nuna maka komai ba, a haɗa kaina da na Barmo."

Sarki shi ma a ransa neman dalili yake, ko yaya, da zai hana shi kashe amininsa. Ya ce a yi.

Saiwar nan kuwa, in gaya muku gaskiya, saiwar zogale ce, a bayan gidansa ya tono ta.

Da safiyar Juma'a fada ta cika maƙil. Aka kawo Waziri da mari a ƙafa. Aka bayyana wa 'yan majalisa abin da za a yi, wasu suka soma zufa ba su yi laifin komai ba. Galadima kuwa murmushi ya yi a bayan amawali. Shi mai wayo, an koya masa irin wannan tun a Ƙetare: saiwa ba ta san amana ba, mai laifi ne tsoro kan sa ya ƙi taunawa ko ya ƙi buɗe baki, ta nan ake kama shi. Don haka shi ne ma ya fara cewa, "Allah ya ba ka nasara, shawara ce mai kyau. Mai gaskiya ba ya gudun gwaji."

Aka fara da Waziri. Ya tauna, ya buɗe baki. Arzika ya ce, "Zaki, matso ka duba can ciki sosai, daga tushe baƙin yake farawa." Sarki ya leƙa, ba baƙi. Aka bi Madawaki, aka bi Alƙali, aka bi sauran, Sarki yana leƙa maƙogwaro ɗaya bayan ɗaya har guda biyar, ransa yana ƙara ɓaci, don ya ga alamar an mai da shi abin wasa.

Aka zo kan Galadima. Ya janye amawali, ya tauna saiwa da ƙarfi kowa yana ji, ya wangale baki fiye da kowa.

Sarki ya leƙa ya ce, "Nan ma ba baƙi. Arzika, ka gama da kanka."

"Na yarda, Zaki. Amma kafin a tafi da ni, tambaya ɗaya. Ka leƙa baki biyar, ga na shida. Me ka gani a wannan wanda ba ka gani a sauran ba?"

Sarki ya sake leƙawa. Ya daɗe. Sannan ya ja da baya a hankali, sandar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

"Beli," in ji Sarki. "Galadima, beli ne a bakinka."

Fada ta ɗauki salati. Alƙali ya miƙe tsaye bai sani ba. Galadima ya rufe baki, ya dubi wannan ya dubi wancan, shi kaɗai ne a zauren bai gane abin da aka gani ba.

Arzika ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu ɗan garin nan mai beli. Na Nomau ni na cire shi yana da kwana uku. Zane ana iya kwaikwayonsa, na kuwa ruɗu da shi, laifina ne, na ɗauka. Amma waɗanda suka kwaikwayi fuska ba su san da abin da ke cikin baki ba."

Galadima ya yi ta maza ya ce, "Zaki, maganar tsoho ce da ke son ceton abokinsa. Shekara arba'in da biyar! Jarirai nawa suka bi ta hannunsa? Ya manta ne bai cire nawa ba."

Sarki ya ce, "A zo da Iya Ladingo."

Aka shigo da ita tana dogara sanda. Aka gaya mata abin da ake ciki. Kowa ya zaci za ta kurma ihu ko ta faɗi, amma ko gezau ba ta yi ba. Ta ciro 'yar layar nan daga wuyanta ta miƙa wa Alƙali. Aka farke fatar, ga ɗan busasshen nama kamar ƙwayar dawa.

Ta ce, "Nasa ne. A gabana Arzika ya cire."

Sarki ya ce, "Iya, ba ki yi mamaki ba."

"Ranka ya daɗe, a shekararsa ta farko ya yi zazzaɓi, ni na ɗura masa magani da hannuna. Na gani."

Arzika ya dafe kai.

Ta ce, "Na ɗauka wani maraya ne yake neman uwa, ni kuma ina neman ɗa. Wallahi ban san da wata wasiƙa ba. Kuma muddin yana shiga yana gaishe ni da safe, ba sai na yi tambayar da nake tsoro ba. Yau kuwa an ce ran Barmo zai tafi a kan shiruna." Ta juya wajen mutumin da ta yi shekara goma sha biyar tana sa wa albarka. Sunan da bai taɓa fita daga bakinta ba tun ranar da aka raɗa shi, ranar nan ya fita a gaban Sarki da talakawa. Ta ce, "Ina Nomau?"

Mutumin da ya tsaya ƙyam a gaban Sarki, sai ga shi ya kasa duban tsohuwa. Ya durƙusa a gabanta.

Ya ce, "Bawa ne a bargar Sarkinmu. Shekara biyu aka haɗa mu ɗaki ɗaya, ina sa shi hira, yana ba ni labarin gida, da rijiya, da akuya, da ke. Ya ɗauka abota ce. Daga fuskarsa aka kwaikwayi zanen nan. Da na haddace komai, Sarkinmu ya ce ba a barin Nomau biyu a duniya."

Ladingo ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta miƙa wa Alƙali hannu, ya mayar mata da abin da ke cikin layar, ta dunƙule.

Dogarai suka binciki gidan Galadima, suka tono hatimin ƙarya irin na Waziri a ƙarƙashin daɓen turakarsa. Ya faɗi sauran da bakinsa: shi ya sa maroƙa waƙa, shi ya ƙulla wa 'yan majalisa biyu sharri, kuma da an naɗa ƙaramin ɗan Sarki, mashigi zai tafi Ƙetare ba a harba kibiya ko ɗaya ba.

Sarki da kansa ya sauko ya tsaya aka cire wa Waziri mari, ya riƙe hannunsa ya ce, "Barmo, ka yafe mini." Aka aika a mai da wa mutum biyun nan rawunansu. Hauni kuwa bai wasa takobinsa a banza ba, don bayan an sauko daga masallaci an cika shelar Sarki a bakin kasuwa, a kan wanda ya cancanta. Waziri ya ba da shawara aka ɗaura hatimin ƙaryar a wuyan jakin nan, aka kora shi ta mashigi, don Sarkin Ƙetare ya karanta amsarsa.

Aka zo maganar Ladingo. Sarki ya ce, "Wadda aka kashe wa ɗa, aka aiko mata da wanda ya yaudare shi ya zauna a ɗakinta, wane hukunci ya rage da zan yi mata? Iya, faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Abu biyu. 'Ya'yan da ya bari, a bar mini su. Su dai a gabana aka haife su, a gabana aka cire musu beli, 'yan garin nan ne. Na biyu kuma, ɗana ya mutu shekara goma sha biyar ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa. Ina so a yi mini zaman makoki."

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Galadima. Sarki ya zo, Waziri ya zo, gari duk ya zo. Arzika ne na ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya kasa shiga, har sai da ta ce, "Shigo mana, Sarkin Aska. Duk garin nan ni da kai ne muka fara riƙe shi."

Ya durƙusa ya ce, "Iya, Allah ya jiƙan yaron nan."

Ta ce, "Nomau sunansa. Ka faɗa, in ji."

Ya faɗa, ta ce amin. Nan hikayar ta tsaya, haka ni ma aka ba ni ita.